Muhawarar farashin shanu a karkarar Kano da Jigawa

Muhawarar farashin shanu tsohuwar taƙaddama ce tsakanin masu kiwo, dillalai, fatake da mahauta a kan wanda ke yanke kuɗin shanu, da wanda ke kwashe ribarsu, da kuma abin da ya rataya a wuyan gwamnati. A Kano da Jigawa ba a zauren taro aka fi yin ta ba. A kara, wato kasuwar shanu, ake yin ta ranar kasuwa, da gindin bishiya bayan an watse, da shirye-shiryen rediyo na manoma. Ƙorafin mai kiwo ɗaya ne tun da daɗewa: nama yana tsada a birni, amma kuɗin da ya shigo hannunsa bai kai wahalar da ya sha ba.

Kasuwanni da hanyar da sa ke bi

Manyan kasuwannin shanu na yankin suna ci ne mako-mako. Maigatari, a bakin iyakar Najeriya da Nijar, tana ci ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi. Ƙananan kasuwannin ƙauye su ke ciyar da waɗannan. Shanun da aka fi gani su ne farare Bunaji, da jajaye masu dogon ƙaho Rahaji, da Bokoloji, ga kuma waɗanda ke shigowa daga Nijar da Chadi.

Masu sayarwa iri biyu ne, kuma halinsu ya bambanta. Akwai Bafulatani makiyayi wanda garkensa shi ne ajiyarsa, ba ya fitar da dabba sai buƙata ta taso: hatsi, aure, rashin lafiya, ko biyan ɓarnar gona. Akwai kuma manomi mai kiwon turke, wanda ke sayen ramammen sa ya ɗaure a gida wata uku zuwa shida, yana ba shi harawa da dusa da kowar wake da kanwa har ya yi ƙiba. Shi wannan lissafi yake yi, domin kowane buhun dusa da kuɗi ya saya. Shi ya sa muryarsa ta fi tashi a muhawarar.

Daga kara, san zai bi ɗaya daga hanyoyi biyu. Ko mahaucin gari ya saya ya yanka, ko falke ya haɗa shi da wasu ya cika tirela zuwa Kudu: Legas, Ibadan, Onitsha, Fatakwal. Tafiyar Kano zuwa Legas ta kusa kilomita 1,000, dabbobi na tsaye a mota, suna ramewa, wani lokaci wata ta faɗi a tattake ta.

Yadda ake yanke farashi

Ba a auna sa da sikeli a yawancin kasuwannin nan. Da ido ake saye, da hannu. Mai saye zai zagaya dabbar, ya dafa tozo, ya matsa gindin wutsiya ya ji kitse, ya duba haƙora don sanin shekaru, ya sa a kora ta ya ga tafiyarta. A ransa ya riga ya ƙiyasta naman da za ta fitar, har da kai da ƙafa da kayan ciki da fata. Sannan ya taya. Dillali ya ce "albarka", a ƙara, a sake cewa "albarka", har a kai inda za a sallama. Sau da yawa mai dabbar yana gefe, dillali ne ke zuwa ya raɗa masa abin da aka taya.

A nan rashin daidaiton yake. Falken da ke sayen shanu kowane mako, yana kuma waya da abokin cinikinsa a Legas tun da asuba, ya san farashin can da na nan. Manomin da ke sayar da sa ɗaya ko biyu a shekara bai san ko ɗaya ba sai abin da aka gaya masa. Kuma ya riga ya biya kuɗin mota ya kawo dabbar. Idan yamma ta yi bai sayar ba, sai ya sake biyan mota ya koma, ya ci gaba da ciyarwa har wani mako. Masu saye sun san haka, shi ya sa wasu ke jan ƙafa sai kasuwa ta fara watsewa.

Dillali na karɓar la'ada, kuma ana yawan zarginsa da cin "sama", wato ya sallama a wani kuɗi ya faɗa wa mai dabba ƙasa da haka. Dillalai suna da amsarsu, kuma ba ta banza ba ce. Su ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, abin da ya ƙara nauyi tun da satar shanu ta yi ƙamari a Arewa maso Yamma. Su ne ke tsaya wa baƙo, su ne ake nema idan an gano aibu bayan ciniki. Kasuwar da babu takarda, amanar dillali ce takardarta.

Lokaci ma na da nasa hukuncin. A ƙarshen rani, ciyawa ta ƙare, shanu sun rame, makiyaya na fitarwa da yawa, sai farashin ramammu ya faɗi. Da faɗuwar damina manomi na neman kuɗin taki, dole ya sayar ko da bai so ba, ko da yake a daidai lokacin shanun huɗa kan yi daraja. Gabanin Babbar Sallah da Kirsimeti kasuwa na tashi, kuma masu turke kan auna kiwonsu da waɗannan ranaku.

Ƙarfin masu yanka

A ƙasashen da kamfanoni ke yanka nama, wannan muhawara ta fi fitowa fili. A Amurka kamfanoni huɗu, JBS da Tyson da Cargill da National Beef, su ke yanka kusan kashi 85 cikin 100 na shanun da aka yi wa kiwon ƙiba, duk da cewa tun 1921 akwai dokar sa ido a kan mayankai da kasuwannin dabbobi. A Ayilan, a 2019, manoma sun tare ƙofofin masana'antun nama na makonni saboda faɗuwar farashi, kuma a 2023 aka kafa hukumar da ke sa ido a kan adalcin ciniki tsakanin manoma da masu sarrafa abinci.

A Kano da Jigawa babu wani kamfani mai irin wannan ƙarfi. Yanka yana hannun mahauta masu yawa, ƙarƙashin Sarkin Fawa da ƙungiyoyinsu, daga babbar mayankar Kano har zuwa kwatar ƙauye. Ƙarfin yana wurin masu jari da ke iya cika mota, da ƙungiyoyin da ke riƙe da kasuwannin saukar shanu a Kudu, da kuma tsarin bashi. Mahauci kan karɓi sa ya ce sai ya sayar da nama zai biya. Idan ya karye, asarar na gangarowa ga falke, falke kuma ya fanshe ta a tayin da zai yi a kara mako mai zuwa. Mahauta su ma suna da kukansu: babu wutar lantarki mai ɗorewa, babu ɗakin sanyi, naman da ya kwana ya zama asara, ga mai saye da aljihunsa ya yi rauni.

An ga girman ƙarfin fatake a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Cikin 'yan kwanaki nama ya yi tsada a Legas, yayin da kaya suka taru a Arewa babu mai ɗauka. An janye yajin a farkon Maris. Ya nuna cewa duk wanda ke riƙe da mota da hanya shi ke riƙe da farashi a ɓangarorin biyu.

Maganar kamfanoni kuwa ta fara matsowa. A Nuwamban 2024 kamfanin JBS na Birazil ya sa hannu a yarjejeniyar fahimta da gwamnatin Najeriya kan zuba jarin dala biliyan 2.5 don gina masana'antun nama shida, biyu daga ciki na naman shanu. Ra'ayin masu kiwo ya rabu. Wasu na ganin mai saye da sikeli, mai biya nan take, ya fi musu dillali. Wasu na tsoron ranar da mai saye zai zama ɗaya tak a yanki, ya faɗi farashi babu mai ja da shi. Tsoron nan yana da tushe, domin a Amurka da Ayilan an ga yadda ƙarfin saye ya taru a hannun kamfanoni kaɗan.

Haƙƙin gwamnati

Dangantakar hukuma da mai shanu ta fara ne da karɓa. Jangali, wato harajin shanu, ya daɗe kafin Turawa, Turawa suka ci gaba da shi, sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi tare da haraji a tsohuwar Jihar Kano, wadda Jigawa ke cikinta har 1991. Amma kuɗin shiga kasuwa, kuɗin lodi, da abin da ake karɓa a shingayen hanya daga jiha zuwa jiha sun maye gurbinsa. Fatake na cewa duk wannan daga kuɗin san ake cire shi.

Manufofin da ba a yi su don shanu ba ma sun taɓa farashi sosai. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya durƙusar da ciniki a kasuwannin da kuɗi hannu ake yi, inda makiyaya da yawa ba su da asusun banki. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar da faɗuwar darajar naira sun ɗaga kuɗin mota da na abincin dabbobi. Rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya kai har Maris 2024, ya rage shanun da ke shigowa Maigatari. Sa ya yi tsada a baki, amma mai turke da ya sayar, in ya je sayen wani ramamme da dusar da zai ba shi, sai ya ga ribar ta narke.

A ɓangaren tsare-tsare, akwai dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, akwai shirin sauya fasalin kiwo na ƙasa na 2019, akwai shirin bunƙasa noma da kiwo na Jihar Kano da Bankin Raya Ƙasashen Musulunci ya tallafa wa, sannan a Yulin 2024 aka ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya. Duk da haka burtali da makiyaya da dama sun koma gonaki, kuma rashin wurin kiwo na tilasta wa makiyayi sayarwa a lokacin da bai zaɓa ba.

Wasu manoma na neman gwamnati ta ƙayyade farashi. Wannan da wuya ya yi aiki a kasuwar da kowace dabba da nata kuɗin, kuma babu ma'aunin da za a ɗora dokar a kai. Buƙatun da suka fi ƙarfi su ne waɗanda ke ba mai kiwo sani da ikon jira: sikeli a kowace babbar kara, sanar da farashin Wudil da Maigatari da Legas a rediyo kowane mako, rasit da ke nuna kuɗin da aka sallama da la'adar dillali, rigakafin ciwon huhu da na baki da kofato a kan lokaci, haɗe kuɗaɗen hanya su zama ɗaya, da rancen da zai raba manomi da sayar da sansa don taki. Akwai kuma masu kira a gina mayankai na zamani a Arewa a riƙa kai nama Kudu a motocin sanyi, fata da ƙashi da aikin yi su tsaya a gida. Masu lodin shanu da mahautan Kudu ba sa maraba da wannan, kuma masu saye da yawa a can sun fi yarda da naman da aka yanka da safiyar ranar.