Nyandu, Jiminar Kudancin Amurka, Da Ƙwan Da Ake Kwashewa

A filayen ciyawa na Ajantina, Uruguwai, Faraguwai, Bolibiya da Brazil akwai wata ƙatuwar tsuntsuwa da ba ta tashi sama. Ana ce mata nyandu, mutanen Brazil kuma su ce ema. Wanda ya san jimina zai ɗauka ƙanwarta ce. Tsayinta yakan kai mita ɗaya da rabi, nauyinta galibi kilo 20 zuwa 27, yatsu uku ne a ƙafarta, jimina kuwa biyu gare ta. In kare ya biyo ta sai ta ruga, ta ɗaga fiffike ɗaya ta karkace, ta ɗaga ɗayan ta sake karkacewa, har ya rasa inda ta dosa.

Abin da nake so manoma da makiyaya su lura da shi, shi ne yadda take hayayyafa. Namijin ne ke tona ɗan rami a ƙasa, ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Mata da yawa su zo su yi masa ƙwai, su wuce wajen wani namijin. Sheƙa ɗaya takan tara ƙwai ashirin zuwa talatin, wani lokaci har hamsin. Ƙwan sabo ruwan ɗorawa ne, in ya kwana biyu ya koɗe ya yi fari, kuma guda ɗaya ya kai nauyin ƙwan kaza goma. Namijin shi kaɗai zai kwanta a kai kusan mako shida, ba ya tashi sai ya ɗan yi kiwo. In lokaci ya yi, 'yan tsakin suna kuka tun suna cikin ɓawo, su ƙyanƙyashe kusan tare. Daga nan ya yi ta yawo da su wata da watanni, ko mahayin doki ne ya matso sai ya taso masa.

To, ku duba. Mutum ɗaya da ya tsinci sheƙar nan ya kwashe, ya tafi da wahalar mata da yawa ta shekara guda. Wutar da aka cinna wa ciyawa don ta yi sabon toho, ita ma haka. Ko yawan leƙe kaɗai na iya sa namijin ya bar ƙwan ya tafi. Ga kuma makiyayar da ake nomewa a shuka waken soya, ga shingen waya da ke tare musu hanya, ga masu farautar fata da gashi, wanda ake yin abin kakkaɓe ƙura da shi. Shi ya sa IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa wannan tsuntsuwa cikin waɗanda ke dab da shiga haɗari.

Wasu manoman can suna kashe ta, wai tana yi musu ɓarna. Gaskiya tana cin ganyen wasu amfanin gona, ba zan ɓoye ba. Amma yawancin abincinta ciyayi ne masu faɗin ganye, ga fāra da sauran ƙwari, kuma tana kiwo cikin shanu da tumaki ba faɗa.

Dalilin da ya sa labarin ya tsaya min a rai, mu ma muna da tamu. Gashin jimina ne a takalman sarakuna da mafitansu, amma yau wa ya ga jimina a daji a ƙasar Hausa? A Nijar farauta da kwasar ƙwai sun kusan ƙarar da ita, har sai da aka killace 'yan kaɗan a Kelle, cikin jihar Damagaram, ana kiwonsu don a mayar da su daji.

Zabin daji da fakara da suka rage mana, su ma a ƙasa suke ƙwai. In kana huɗa ko yankan ciyawa ka ci karo da sheƙa, ka kafa ɗan kara nesa kaɗan don alama, ka kewaye wurin, ka riƙe karenka, ka kuma ja kunnen yara masu kiwo kada su taɓa.