Ma'anar "Fokas" da Dalilin da Ya Sa Kyamara Ke Kuskure Shi a Cikin Duhu

Kalmar "fokas" ta cika bakin masu ɗaukar hoto da masu tallar wayoyi a 'yan shekarun nan, har ta kai duk hoton da ya fito dishi-dishi, musamman wanda aka ɗauka da dare ko a ɗaki mai ƙarancin haske, sai a yanke hukunci cewa kyamarar ba ta da fokas. Na sha jin masu sharhi kan na'urori a rediyo da bidiyon intanet suna faɗin haka, kuma abin yana damuna ƙwarai, domin wannan gurguwar fahimta tana sa mutum ya kai lafiyayyar kyamara wurin gyara, ko ya rabu da ita da arha, alhali ba ta yi laifin komai ba.

Kalmar daga harshen Latin ta fito, kuma ma'anarta ta farko ita ce murhu, wato wurin da ake hura wuta a cikin gida. Masanin taurari ɗan ƙasar Jamus, Johannes Kepler, shi ya are ta a rubutunsa kan ilimin haske a shekarar 1604, daga nan ta zama sunan ɗigon da haske ke taruwa bayan ya ratsa gilashi. A ganina aron ya dace matuƙa. Duk wanda ya taɓa riƙe gilashin ƙara girman rubutu a rana, yana ɗaga shi yana sauke shi har hasken ya tattaru a ɗigo guda ya fara ƙona takarda, ya ga murhun da idonsa. Ya kuma ga cewa da ya matsar da hannunsa kaɗan, ɗigon zai baje, zafin ya tafi. Murhu wuri ne takamaimai, fokas ma haka yake. Gilashin kyamara nisa ɗaya tak yake iya daidaitawa a lokaci guda, abin da ke gaban wannan nisan da abin da ke bayansa kuwa suna raguwa a kaifi sannu a hankali. Saboda haka babu kyamarar da ba ta da fokas. Tambayar da ta dace ita ce: a ina ya sauka, a kan idon mutumin ko a kan bangon da ke bayansa?

Otofokas kuwa shi ne kyamara ta nemo wannan nisa da kanta. Ya shiga kasuwa sosai da Konica C35 AF a 1977, sannan Minolta 7000 ta kai shi ga manyan kyamarori masu sauya gilashi a 1985. Hanyoyi biyu ne suka fi yaɗuwa. A ta farko, kyamara tana kwatanta hasken da ya shigo ta gefuna biyu na gilashi, ta lissafa tazarar da ke tsakaninsu, ta san inda za ta tura gilashin. A ta biyu, tana matsar da gilashin gaba da baya har ta ga inda fari da baƙi suka fi rabuwa. Abin da ake yawan mantawa shi ne dukkansu biyu iyaka suke nema, wato layin da haske ya yi karo da inuwa. Shi ya sa ko da rana tsaka kyamara kan rikice a gaban farin bango marar zane. A cikin duhu iyakokin suna dusashewa, tsaki-tsakin da sensa, wato sashen da ke karɓar haske a cikin kyamara, ke haifarwa ya lulluɓe su, sai gilashi ya yi ta kai da komo bai tsaya ba.

Kafin a zargi otofokas, ya kamata a buɗe hoton a girmama shi, a nemi wurin da ya fito tas. Idan fuska ta yi hazo amma kujerar da ke baya ta fito garau, to lalle fokas ne ya sauka inda ba a so. Idan babu ko'ina da ya fito tas, fitilu kuma suka yi jela ko suka zama bibbiyu, hannu ne ya girgiza yayin da ƙyauren kyamara ya daɗe a buɗe yana tattara haske. Idan jiki ya fito amma hannun da ke motsi ya shafe, motsin wanda ake ɗauka ne. Idan kuma komai ya yi sumul kamar an shafa masa mai, an ɗaga ISO ne da yawa, wato ma'aunin da ke ƙara wa hoto haske, manhajar kyamara ta goge tsaki-tsakin tare da ƙananan zane-zanen fata da tufafi. Cikin waɗannan huɗun, na farko ne kaɗai ya shafi fokas.

Lambobin talla ma suna ƙara ruɗa mutane. Lokacin da Canon ta fitar da EOS R a 2018, ta ce otofokas ɗinta yana aiki har zuwa duhun EV -6, wato duhu sosai a ma'aunin haske na kyamara, amma an auna hakan ne da gilashi mai buɗin f/1.2, wato mai babbar kafar shigar haske. Wanda ya ɗaura gilashin f/4, mai ƙaramar kafa, yana ba sensa hasken da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, don haka ba zai sami abin da aka rubuta a kwali ba. Babban buɗi kuma yana da nasa sharaɗin, domin a f/1.2 faɗin wurin da ke fitowa tas yana ƙuntata sosai, har idan mutum yana kusa ido na iya fitowa kunne ya yi hazo.

Gyaran yawanci yana hannun mai ɗauka. A daina barin kyamara ta zaɓi wurin fokas da kanta, a zaɓi ɗigo guda, a tsofaffin kyamarori masu madubi a ciki a fifita na tsakiya domin shi ya fi ƙarfi, a ɗora shi kan iyaka bayyananna kamar gefen ido, bakin wuyan riga, ko inda hasken fitila ya taɓa kunci. A kunna ƙaramar fitilar taimako idan mutumin yana kusa, tunda ba ta wuce 'yan mitoci ba. Idan abin da ake ɗauka ba ya motsi, ni na fi son a kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, a girmama hoton a allo, a juya zoben fokas da hannu. Sai idan an gwada da rana, a kan abu mai rubutu, kyamara a kafe, aka ga fokas yana sauka gaba ko baya a kowane hoto, sannan za a ce gilashin da kyamarar suna bukatar a daidaita su.