Waken SAMPEA 20-T

SAMPEA 20-T sunan wani irin wake ne da aka yi wa gyaran ƙwayar halitta don ya jure tsutsar nan mai suna Maruca vitrata, wadda take shiga cikin furen wake da kwanson sa tana ci. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wato IAR da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ita ce ta fitar da shi, Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin, tare da haɗin gwiwar gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, da hukumar bincike ta CSIRO ta ƙasar Ostiraliya. Shi ne abincin farko na wannan fasaha da Najeriya ta amince a noma.

Gyaran iri dai ba baƙon abu bane a wajen manomi. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo yana zagaya gonar sa da kaka yana zaɓen zangarniyar gero mafi cika ya ɗaure ta daban ya rataye don shukar baɗi, to ya ga gyaran iri da idon sa. Masana suka ɗora a kai da barbara, a ɗauko garin furen wani wake a shafa wa wani, a yi ta tacewa shekara da shekaru, ta haka aka samu masu nuna da wuri da masu jure wuta-wuta. Amma a kan Maruca wannan hanyar ta cije, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, ta Ibadan ta duba dubban nau'o'in wake ba a samu wanda yake da ƙarfin jure ta ba, abin da babu shi a cikin dangi kuwa barbara ba zata kawo shi ba.

Shi yasa aka je waje. Akwai wata bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, ana ce mata Bt, tana yin wani sinadarin furotin da idan tsutsa ta ci sai ya manne a hanjin ta ya huda shi ta daina ci ta mutu. Ƙwayar gadon da ke sa a yi wannan furotin, cry1Ab, ita aka ɗauko aka saka wa wake a ɗakin gwaji, daga nan aka yi ta barbarar sa da SAMPEA 10 wanda manoma suka riga suka sani. An fara gwajin sa a killataccen fili a 2009, hukumar NBMA mai sa ido kan fasahar gyaran ƙwayar halitta a Najeriya ta bada izini a Janairun 2019, aka yi masa rajista a Disambar wannan shekarar, sai a 2021 aka ƙaddamar da shi a Kano. Ghana ma ta fitar da nata, Songotra-T, a 2024.

Ɓarnar Maruca ba wasa bace, ka ga gona ta yi kore shar, ka buɗe fure ka tarar da tsutsa a kwance da kashin ta da ɗan zaren da ta saƙa, furen ya zube, asarar kan kai kashi 80 cikin 100 idan shekara ta ɓaci. Manomi kan yi feshi sau shida zuwa takwas, sau da yawa ba takunkumi ba safar hannu, wannan kam abin tausayi ne. Masu irin sun ce da shi feshi biyu ya isa.

Sai dai fa tsutsa kawai yake kashewa. Ƙwarin da ke tsotsar kwanso suna nan, haka ƙwaron da ke huda wake a buhu bayan girbi. Akwai kuma fargabar tsutsar ta saba da sinadarin a hankali, don haka ake aikin ƙara ƙwayar gado ta biyu. Ƙungiyoyi irin su HOMEF mai fafutukar kare muhalli suna adawa da shi, suna tambaya kan lafiya, da lakabin da zai bambanta shi da sauran wake a kasuwa, da dogaro da kamfanonin iri. Maganar lakabin nan tana da nauyi, domin a mudu ake auna wake, mai ƙosai ba ta da hanyar sanin wanne ta saya. Batun ajiye iri kuwa, wake shi yake yi wa kan sa barbara, manomi zai iya ware nasa ya sake shukawa ya fito.