Toyota, siyasar Amurka da hayaƙin mota: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Da gaske ne Toyota ta janye daga tallafa wa bukukuwan masu neman jinsinsu?

E, a Amurka. A watan Oktoba na 2024 reshenta na can ya sanar da ma'aikata cewa ya daina ɗaukar nauyin irin waɗannan bukukuwa, kuma ya fita daga jadawalin ƙungiyar Human Rights Campaign mai auna kamfanoni kan yadda suke tafiyar da waɗannan ma'aikata. Wani ɗan fafutuka mai ra'ayin riƙau, Robby Starbuck, ne ya tasa kamfanin gaba a shafukan sada zumunta. Ford ta riga ta fita daga jadawalin tun watan Agustan shekarar.

Ke nan ta koma bin tarbiyya?

A'a. Don Allah ku daina ɗora wa kamfani abin da bai faɗa ba. Lokacin da ya shiga, kasuwa ya duba. Lokacin da ya fita ma ita ya duba. Abin da ya ce shi ne zai mai da kuɗin ga ilimin kimiyya da horar da ma'aikata.

Ba ita ce ta fara ƙera mota mai kare muhalli ba?

Ita ta fito da Prius a Japan a 1997, mota mai haɗa injin fetur da batir, wadda ake kira haibirid. Wannan yabo nata ne, ba mai ƙwacewa. Amma a 2019, da gwamnatin Trump ta nemi ƙwace ikon jihar Kalifoniya na tsaurara dokar hayaƙi, Toyota da General Motors da Fiat Chrysler bayan gwamnatin suka bi, alhali Ford da Honda da Volkswagen da BMW sun daidaita da jihar. Sai a farkon 2021, bayan mulki ya sauya hannu, Toyota ta zare jiki. A 2021 ɗin ta biya tarar dala miliyan 180 saboda jinkirin kai rahoton matsalolin hayaƙi ga hukuma, kuma a taron sauyin yanayi na Glasgow ta ƙi sa hannu kan alƙawarin daina sayar da motoci masu hayaƙi nan da 2040. Wannan ɓangaren ne ya fi damuna, domin abin da kamfani ke faɗa wa 'yan majalisa ya fi tallarsa nauyi.

Me ya sa take jan ƙafa kan mota mai lantarki zalla?

Hujjarta lissafi ce: ma'adinan da za a zuba a batirin mota ɗaya mai lantarki zalla sun isa a yi haibirid 90. A 2024 shugaban kamfanin, Akio Toyoda, ya ce masu lantarki zalla ba za su wuce kashi 30 cikin ɗari na kasuwa ba. A inda wuta ba ta tsayawa hujjar tana da ƙarfi. Masu sukarta kuma suna cewa jarin da ta zuba a injin fetur take karewa. Duka biyun akwai gaskiya a ciki.

To in sayi haibirid ta hannu, tunda fetur ya yi tsada?

Nan ne ba zan ce e ko a'a kai tsaye ba. Ya danganta da motar, da garin da kake, da bakaniken da za ka samu. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023 mutane ke rububinta, da yawa ba su san abin da suka saya ba.

Ɗauki Prius ƙirar 2004 zuwa 2009. In tana da lafiya, tana iya kusan kilomita 20 da lita ɗaya, musamman a cunkoson gari inda injin ke mutuwa batir ya karɓa. A doguwar hanya ribar tana raguwa. Babban batirinta jerin ƙwayoyi 28 ne, kowacce bolt 7.2, jimilla wajen bolt 200. Ɗaya ta yi rauni, sauran duk sun shiga wahala. Kafin ka biya, a sa mata kwamfuta a duba ƙarfin kowane rukunin ƙwayoyin motar tana tafiya, ba a tsaye ba. In wani rukuni ya faɗi da kusan bolt ɗaya ƙasa da 'yan uwansa, ko lambar matsala ta P0A80 ta fito a kwamfutar, batirin ya kama hanya. Ka lura, dillali na iya goge lambar, sai bayan kwanaki ta dawo.

Zafi ne ke kashe batirin nan. Akwai fanka a bayan motar da ke jawo iskar cikin mota tana sanyaya shi. Ƙurar hunturu tana toshe ta, ko a jibga kaya a bakin ramin iskar kusa da kujerar baya. A buɗe a share ta aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ka riƙa kunna na'urar sanyaya mota lokacin bazara, batirin ma yana amfana. Kada a ajiye motar watanni ba a tayar ba. Canza ƙwaya ɗaya yana iya tayar da ita, amma sau da yawa bayan ɗan lokaci wata ta biyo baya, domin sabuwa da tsofaffi ba su daidaita ba. A ƙirar 2010 zuwa 2015 kuma, bututun da ke mai da hayaƙi cikin inji yana toshewa da baƙin toka, in an bar shi gaskit ya ƙone.

Kada hankalinka ya tashi, ba mota ce mai wuyar sha'ani ba. Amma in garinku babu wanda ya taɓa kwance irin batirin nan, Corolla ta fi maka. Wayoyi masu ruwan lemo kuwa, kada mai wayarin na gefen titi ya taɓa su. Wutar cikinsu tana kisa.

Bakanike ya ce in cire indomin salansa, mota za ta fi gudu.

Kada ka cire. Ita ke ƙone gubar hayaƙin kafin ya fita. Ƙarafa masu tsada da ke cikinta ake so a sayar, shi ya sa ake zuga ka. Ba daidai ba ne ka zagi Toyota kan muhalli, kana busa wa 'ya'yan unguwarku ɗanyen hayaƙi. In ta toshe, a nemo dalilin, galibi inji ne ke shan mai ko filogi ya mutu, a gyara wannan sannan a sa wata.