Ƙullutu a fatar ciki: a yi hoto kafin a sa wuƙa

Jama'a, ba kowane kumburin da ya fito a gaban ciki ne kaba ba. Kaba takan koma idan mutum ya kwanta ko ya danna ta, ta kuma turo idan ya yi tari. Wanda ke damuna shi ne ƙullutu mai tauri da ke zaune cikin tsoka, ba ya komawa, kullum sai ƙara girma yake.

Sau da yawa ƙullutun da ke fitowa a ƙarƙashin fata dunƙulen kitse ne kawai, ba ya cutarwa. Amma akwai wani ƙari da likitoci ke kira desmoid. Ba a cika samunsa ba, mutum kaɗan ne cikin miliyan ɗaya ke kamuwa da shi a shekara. A tsokar ciki ya fi kama mata masu shekarun haihuwa, lokacin goyon ciki ko bayan an sauka, wani lokaci daidai kan tabon tiyatar haihuwa. Shi ya sa mace kan ɗauka ɗinki ne ya yi tauri, ta yi watanni ba ta gaya wa kowa ba. Desmoid ba ya bin jini ya bazu kamar sankara, sai dai yana kutsawa cikin naman da ke kewaye da shi, kuma yakan dawo bayan an cire.

Ƙullutun da ya wuce santimita 5, ko yake girma, ko ya yi zurfi, ko ya dawo bayan an cire shi, a kai shi asibiti, ko da ba ya ciwo. Sankarar tsoka ma haka takan fara, shiru.

Don Allah kada a matsa wa likita da "a yanke a huta". Sai an yi sikanin, wani lokaci da hoton MRI mai nuna cikin tsoka dalla-dalla, an ɗebi ɗan nama da allura an gwada, sannan a san abin yi. Idan desmoid ne, sau da yawa sa ido kawai ake yi, domin wasu kan tsaya, wasu ma su ragu da kansu. Wanda ya ci gaba da girma akwai magani, akwai tiyata. A 2023 Amurka ta amince da maganin nirogacestat saboda shi.

Idan a danginku an sha samun tsiro ko sankarar babban hanji tun da ƙuruciya, ku gaya wa likita, domin desmoid kan zo tare da wannan ciwon gado, sai a duba hanjin ma.