Waiwaye: Yaƙin rigakafi, daga Ƙofar Kabuga zuwa Bagadaza

Duk sanda wata ƙasa mai ƙarfi ta ɗaura aniyar afka wa wani shugaba, bakin zancen ɗaya ne: mutumin nan azzalumi ne, yana ƙulla mugun abu, gara a riga shi. Rigakafi, in ji masu magana, ya fi magani. Mu a Kano ba a rediyo muka fara jin wannan hujja ba, a kan kakanninmu aka gwada ta.

A ƙarshen 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe wani Bature, Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Sarki Alu kuma ya karɓe shi hannu bibbiyu. Gwamna Lugga ya samu abin da yake nema. Ya shaida wa Landan cewa Alu azzalumi ne mai cinikin bayi, kuma yana haɗa runduna zai far wa sansanin Turawa da ke Zariya. Maganar bayi ba ƙage ba ce, ana sayar da su a birnin nan. Amma da sojojin Kanal Morland suka fasa ganuwa ta wajen Kabuga ranar 3 ga Fabrairu 1903, ba su tarar da Sarki ba. Mutumin da aka ce ya nufi Zariya da yaƙi, ashe ya yi yamma, ya tafi Sakkwato. A Lokoja Alu ya rasu a 1926, waɗanda suka zo rigakafin kuwa sai 1960 suka naɗe tabarma.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an so a toshe wannan ƙofa. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya hana amfani da ƙarfi, sai fa idan Kwamitin Sulhu ya yarda, ko kuma ƙasa tana kare kanta kamar yadda sashe na 51 ya tanada. Masana shari'a da yawa sun yarda cewa wanda ya ga an zare masa takobi ba sai ya jira sara ba. Gardamar tana kan wanda ya ce ya hango maƙeri yana hura wuta, don haka zai je ya rushe maƙerar. Haka Isra'ila ta yi a 1981 da ta ragargaza tashar nukiliyar Iraƙi ta Osirak, Kwamitin Sulhu kuma ya yi tir da ita, har da ƙuri'ar Amurka. Shekara 21 bayan nan, bayan harin 11 ga Satumba, gwamnatin George Bush ta mayar da wannan abu manufarta a rubuce.

Wanda aka fara gwada manufar a kansa ba baƙo ba ne a garin nan. Ina yaro lokacin yaƙin 1991, na tuna hoton Saddam Hussein manne a bayan motocin haya da jikin teburin mai shayin layinmu, da kakinsa da gashin bakinsa. A ajinmu kaɗai akwai masu ƙanne biyu da aka raɗa wa Saddam. Wani kawuna da ba ya rabuwa da rediyo ne kawai ke zuba wa mutane ruwan sanyi. Na taɓa ce masa, "Kawu, ai namiji ne." Ya ce, "Ɗana, je ka tambayi Ƙurdawa." Sai da na girma na gane yana nufin Halabja, inda iska mai guba ta kashe mutum wajen 5,000 a Maris 1988. Ga shekara takwas na yaƙi da Iran, ga mamaye Kuwait a Agusta 1990. Wanda duk ya ce Saddam ba azzalumi ba ne, son zuciya ne ya rufe masa ido.

Sai dai zalunci daban, barazana daban, kuma a nan ne aka yi wa duniya rufa-ido. An ce yana da makaman ƙare dangi. Cikin hujjojin har da wadda ta biyo ta bayan gidanmu: wai ya nemi sayen yuraniyom a Nijar. A farkon Maris 2003 shugaban hukumar nukiliya ta duniya, Mohamed ElBaradei, ya gaya wa Kwamitin Sulhu cewa takardun cinikin jabu ne. Masu binciken makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin Hans Blix, suna roƙon a ƙara musu lokaci. Ba a ƙara ba. Ranar 20 ga Maris aka fara ruwan bama-bamai, 9 ga Afrilu Bagadaza ta faɗi, shekara ɗari da 'yan makonni bayan faɗuwar Kano.

Ba a samu makaman ba, binciken Amurka da kanta ya tabbatar da haka a 2004, shekarar da Kofi Annan, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ya ce yaƙin ya saɓa wa kundin Majalisar. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne washegari. Paul Bremer, wanda Amurka ta ɗora ya mulki ƙasar, ya rushe rundunar sojan Iraƙi a Mayu 2003, aka sallami dubban ɗaruruwan mutane da suka iya bindiga, babu albashi. Daga wannan toka aka samu yaƙin ɗariƙa, daga baya Da'ish ta kama Mosul a 2014. An rataye Saddam ranar 30 ga Disamba 2006, a daidai Babbar Sallah, abin da har waɗanda ba sa ƙaunarsa a Kano suka ji zafinsa.

Ta Libiya ta fi kusa da mu. A Maris 2011 aka ce Gaddafi zai yi kisan kiyashi a Bengazi in ba a riga shi ba, Najeriya ma ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da ƙuduri mai lamba 1973. Daga kare farar hula aka zarce zuwa kifar da gwamnati. Rumbunan makamansa suka buɗe, arewacin Mali ya faɗi a 2012, sauran kuwa mutanen Sahel ne suka kwashe shi a jikinsu.

Masu goyon bayan ƙarfi suna da abin kafa hujja, kada a zalunce su. Sojojin Tanzaniya ne suka kori Idi Amin a 1979, kuma ba a ji Yuganda ta yi makoki ba. Amma Amin ne ya fara tsallaka iyaka ya shiga yankin Kagera na Tanzaniya. A Gambiya ma a Janairu 2017 ganin sojojin ECOWAS ne ya sa Yahya Jammeh ya hau jirgi, sai dai shi ya riga ya sha kaye a akwatin zaɓe, kowa ya gani. A duka biyun laifin ya auku, ba hasashensa aka yi ba.

Shi ya sa da aka yi juyin mulkin Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ba Janar Tchiani wa'adin mako guda, aka ce in ba a murƙushe shi yanzu ba cutar za ta bazu, Kano ba ta ɓata lokaci ba wajen nuna ƙin yaƙin. Ba don kowa na son soja ba. A Dawanau da Kantin Kwari lissafi mutane suka yi: motocin da suka maƙale a hanyar Maraɗi, surukai a Damagaram, da inda 'yan gudun hijira za su kwana in aka harba harsashin farko. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da yaƙi, Muhammadu Sanusi II ya je Yamai ya gana da Tchiani, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta bi sahu, matasa suka fito titi. Ba a yi yaƙin ba. Amma hamɓararren shugaba Bazoum bai koma kujerarsa ba, an ɗage takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar a Fabrairu 2024 ba tare da sojojin sun ba da komai ba, kuma a Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar.