Me ake nufi da ƙawancen 'yan tsakiya masu karkata hagu?

Wannan hagu da dama da muke ta ji a labaran siyasar Turai asalinsa wurin zama ne kawai, a majalisar Faransa ta 1789 masu son sauyi suka zauna hagu masu goyon bayan sarki suka zauna dama. To 'yan tsakiya masu karkata hagu su ne waɗanda suka yarda da kasuwa da jari amma suna so gwamnati ta tsaya wa ma'aikaci da talaka kan asibiti, makaranta da fansho. Ƙawancen zaɓe kuma shi ne jam'iyyu su tsayar da ɗan takara ɗaya amma kowa na riƙe da sunansa da shugabanninsa, ba narkewa suka yi ba, kuma nan gizo ke saƙar.

Ku dubi Italiya. Dokar zaɓe ta 1993 ta sa kashi uku cikin huɗu na kujeru wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ke ɗauka, don haka wanda ya tsaya shi kaɗai ya sha ƙasa. Silvio Berlusconi, jagoran ɓangaren dama, ya lashe zaɓen 1994, sai Romano Prodi ya tattaro tsofaffin 'yan gurguzu da 'yan Katolika masu sassauci da masu kare muhalli a 1995 aka sa wa tafiyar suna Ulivo, wato bishiyar zaitun. Suka ci zaɓen 1996, Prodi ya zama firaminista, suka ɗaure ɗamara har Italiya ta samu shiga kuɗin yuro, kuma gaskiya wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Amma gwamnatin tana jingine ne da jam'iyyar gurguzu ta Fausto Bertinotti wadda ba ta cikin ministoci, da suka saɓa kan kasafin kuɗi a Oktoban 1998 sai ta janye jiki, Prodi ya faɗi a majalisa da ƙuri'a ɗaya tak, 313 da 312. Abin yana min ciwo wallahi, don ba 'yan adawa suka kayar da shi ba, na gida ne.

A 2006 suka sake haɗuwa da sunan Unione, gamin gambiza ma ya fi na da, suka ci da ƙyar, Janairun 2008 wata 'yar ƙaramar jam'iyya ta Clemente Mastella ta fice gwamnatin ta sake rushewa. Kafin nan manyan cikinsu sun riga sun narke cikin jam'iyya ɗaya a 2007, ita ce PD, wato jam'iyyar Dimokuraɗiyya, da ake ji yau.